Hurling: Wasan da Ailan ta ɗaure da ƙauye da itace

Ranar 20 ga Yuli 2025, mutum sama da 82,000 suka cika filin Croke Park da ke Dublin domin wasan ƙarshe na gasar hurling ta duk tsibirin Ailan. Da aka tafi hutun rabin lokaci, gundumar Cork na gaban Tipperary da maki 6, magoya bayanta sun fara ganin ƙarshen jiran da suke yi tun 2005. Da aka dawo sai reshe ya juye da mujiya. A cikin minti 35 Cork ba ta ƙara komai ba sai maki 2, Tipperary kuwa ta zura ƙwallo 3 a raga, aka tashi 36 da 21. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba sakamakon ba ne. Samarin da suka buga wannan wasa, a gaban wannan taro da ɗimbin masu kallo a gida da waje, babu ko ɗaya da ke karɓar albashi a kansa. Bayan an gama biki kowa ya koma inda ya fito: wani aji, wani gona, wani banki, wani jami'a.

Kafin a fahimci yadda hakan ta yiwu, sai an fara sanin wasan kansa.

Fili ne mai tsawon mita 130 zuwa 145 da faɗin mita 80 zuwa 90, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare mutum 15: gola ɗaya, 'yan baya 6 a sahu biyu, 'yan tsakiya 2, 'yan gaba 6 su ma a sahu biyu. Kowa na riƙe da sanda mai lanƙwasa da faɗi a ƙarshenta. A harshen ƙasar sunanta camán, da Turanci kuma hurley. Faffaɗan bakin nan nata ana ce masa bas, ma'anarsa tafin hannu, kuma sunan ya dace, domin duk abin da tafin hannu ke yi da ƙwallo shi ake so bakin sandar ya yi. Ƙwallon kuma sliotar, ana furta shi kusan "shlita". Girmansa bai wuce na ƙwallon tanis da yawa ba, nauyinsa giram 110 zuwa 120, an rufe shi da fata, ɗinkinsa ya taso kamar tsagar da ta warke. Idan gwani ya same shi daidai, gudunsa kan wuce kilomita 150 a sa'a.

Ragar ta haɗa ta ƙwallon ƙafa da ta rugbi. Sanduna biyu ne dogaye, tsakaninsu mita 6.5, da gicciye a tsayin mita 2.5, siffar harafin H. Ƙwallon da ya bi ta saman gicciyen, tsakanin sandunan, maki 1 ne, sai mai farar riga da ke tsaye a bakin raga ya ɗaga farar tuta. Wanda ya shiga raga ta ƙasa maki 3 ne, koriyar tuta ake ɗagawa. Shi ya sa rubutun sakamakon ke rikita baƙo. Idan ka ga 3-27, ana nufin ƙwallo 3 a raga da maki 27 na sama, jimla 36. Wannan tsari yana sa ɗan gaba cikin shawara a kowane daƙiƙa: ya ɗauki maki ɗayan da ke hannu, ko ya kutsa neman ukun da ba tabbas? Ƙungiyar da ke baya da maki 2 a minti na ƙarshe ba ta mutu ba tukuna, kuma masu kallo sun sani.

Ainihin wahalar wasan tana cikin dokar hannu. An yarda ka cafe ƙwallo a iska, amma ba a yarda ka ɗauke shi daga ƙasa da hannu ba. Sai dai ka tsince shi da sanda. Ɗan wasa na gudu iya ƙarfinsa, ya sunkuya, ya zura bakin sandar ƙarƙashin ƙwallon, ƙwallon ya taso kamar taƙi guda, ya cafke da hannun da ba ya riƙe da sanda, duk wannan kuma wani ƙato na bayansa yana numfashi a ƙeyarsa. Da ƙwallo ya shiga hannu, taku 4 kawai aka ba ka. Idan kana son ci gaba da gudu sai ka ɗora shi a bakin sanda ka yi ta gudu yana zaune a kai, kamar mai tallar da ta saki hannu daga faranti, kuma sau biyu kaɗai aka yarda ya shiga hannunka, har da na farkon, kafin ka rabu da shi. Jifa haramun ne. In za ka ba abokinka da hannu, sai ka saki ƙwallon ka mare shi da buɗaɗɗen tafi.

Mai tsaro kuma yana da makamai uku. Ya bangaje ka kafaɗa da kafaɗa. Ya tare gabanka, ya ɗora sandarsa a kan taka daidai lokacin da kake bugu, wanda ke nufin ya kai fuskarsa da yatsunsa inda sanda ke saukowa. Ko ya biyo ka ta baya ya saƙala bakin sandarsa a taka sa'ad da ka ɗaga, bugun ya lalace. Mutanen ƙasar na da kirarin da suke yi wa ƙarar haɗuwar sanduna biyu, kuma sau da yawa sanda kan tsage gida biyu, ɗan wasa ya jefar ya karɓi wata ba tare da an tsayar da wasa ba. Duk da haka sai ranar 1 ga Janairu 2010 aka wajabta wa kowa, babba da yaro, sa hular kwano mai wayar kare fuska. Kafin nan manya da yawa da kai tsirara suke shiga, kuma haƙoran da aka bari a fili ba su ƙirguwa. A ganina wannan doka ta makara, domin idon da ya tsiyaye ba jarumtar da ke mayar da shi.

Sauran dokokin ba su da wuyar kamawa. Manyan wasanni minti 70 ne, na ƙungiyoyin ƙauye 60. Idan ɗan baya ya fitar da ƙwallo ta layin ragarsa, abokan hamayya na samun bugu daga mita 65, maimakon kwana. Idan ya fita ta gefe, daga ƙasa ake sare shi, kuma akwai gwanayen da ke cin maki kai tsaye daga nan. Fenareti daga mita 20 ne, tun 2015 kuma gola shi kaɗai ke tsayawa.

Mutanen Ailan kan ce wasan ya girmi tarihinsu da aka rubuta. A tatsuniyoyinsu akwai yaro Setanta, wanda aka gayyata liyafa gidan wani maƙeri mai suna Culann. Ya tsaya wasa ya makara, aka manta da shi aka saki karen gadi. Da karen ya taso masa, yaron ya buga ƙwallonsa da sanda ya shige maƙogwaron karen ya kashe shi. Ganin maƙerin ya yi asara, sai yaron ya ce shi zai riƙa gadin gidan har a raini wani kare. Daga nan aka sa masa Cú Chulainn, wato Karen Culann, babban gwarzon almararsu. Tatsuniya dai tatsuniya ce. Abin da ke rubuce shi ne tsoffin dokokin gargajiyar ƙasar sun tanadi diyya ga wanda aka ji wa rauni a wasan. A 1366 kuma, hukumar Ingila ta kafa dokoki a garin Kilkenny domin hana Ingilishin da suka zauna a ƙasar rikiɗewa su zama 'yan ƙasa. Ta hana su yaren Ailan, ta hana su auratayya da mutanenta, ta hana su hurling, ta ce su koma koyon harbin baka. Yau gundumar Kilkenny ce ta fi kowa kofi, guda 36.

A ƙarni na 18 wasan ya samu gata daga inda ba a zata ba. Manyan masu filaye a kudu da gabashin ƙasar suka riƙa tara 'yan wasa daga cikin manoman da ke haya a gonakinsu, suna karawa da na maƙwabta, ana caca mai yawa a kai. Wannan gata bai daɗe ba. Tawayen 1798 ya sa masu filaye suka fara tsoron duk wani taron talakawa masu sanduna. Sai kuma babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta cinye dankali, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira. Ƙauyukan da ake wasan suka zama kufai. Zuwa wajen 1880 hurling ya rage a 'yan wurare kaɗan, kurket kuwa na yaɗuwa har cikin Kilkenny da Tipperary.

A nan ne Michael Cusack ya shigo, wani malamin makaranta ɗan gundumar Clare da ke zaune a Dublin. Ranar 1 ga Nuwamba 1884, shi da wasu 'yan tsiraru suka zauna a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya da aka fi sani da GAA. Maurice Davin, shahararren ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle, ya zama shugabanta na farko. Suka nemi goyon bayan Akbishop Thomas Croke, wanda sunansa babban filin ke ɗauke da shi yanzu, da 'yan siyasa Charles Stewart Parnell da Michael Davitt. Daga zaɓen waɗannan iyayen ƙungiya kaɗai za a gane ba maganar motsa jiki ce zalla ba. Yunƙuri ne na mutanen da ke ƙarƙashin mulkin wata ƙasa su riƙe abin da yake nasu.

Aikin farko shi ne rubuta dokoki, domin a da kowane yanki da irin nasa, wani lokaci ƙauye guda ke fitowa ya kara da wani a tsallaken gonaki. Aka fara da mutum 21 a kowane ɓangare, aka rage zuwa 17 a 1892, zuwa 15 a 1913. Ƙwallon raga da farko ya fi kowane adadin maki na sama, daga baya aka yi masa farashi 5, a 1896 aka tsayar a 3. Amma shawarar da ta fi kowacce tasiri ba ta shafi fili ba. An gina ƙungiyar ne a kan ƙauye da gunduma. Yaro yana buga wa ƙungiyar yankin cocin da aka haife shi, in ya yi fice a zaɓe shi ya wakilci gundumarsa, shi ke nan. Babu saye, babu sayarwa. Canjin ƙungiya sai da dalili kamar ƙaura, kuma ko shi ana kallonsa da wani ido. Gwanin da aka haifa a gundumar da ba ta da ƙarfi zai tsufa bai taɓa babban kofi ba, kuma ya san haka tun yana saurayi.

Wanda ya taɓa ganin yadda jama'ar Dosso ko Tawa ke tarbar ɗan kokawarsu idan ya dawo da takobi zai gane irin wannan alaƙa. Ba gwaninta kaɗai ake yi wa murna ba, ɗan gida ne.

Siyasa ta bi ƙungiyar har cikin fili. Ranar 21 ga Nuwamba 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, jami'an tsaron Birtaniya suka buɗe wuta a Croke Park lokacin wasan ƙwallon gargajiya, wato ƙwallon Ailan da ake bugawa da ƙafa da hannu, tsakanin Dublin da Tipperary. Mutum 14 suka mutu, har da yara da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan. Rumfar da ake miƙa kofi a cikinta yau sunansa take ɗauke da shi. Ita ma ƙungiyar ta yi nata tsaurin. Shekaru da dama duk ɗanta da aka kama yana buga ko yana kallon ƙwallon ƙafa, rugbi, kurket ko hoki, ana dakatar da shi. A 1938 ta cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga cikin iyayenta saboda ya halarci wasan ƙwallon ƙafa, alhali mutumin ya ƙarar da rayuwarsa wajen farfaɗo da harshen ƙasar. Sai a 1971 aka soke dokar. Ina ganin ta kare wasan lokacin da yake jariri, amma ta wuce wa'adinta da shekaru, ta raba maƙwabta ba gaira ba dalili. A 2007 aka buga rugbi tsakanin Ailan da Ingila a Croke Park, aka rera taken Ingila a filin da aka zubar da jinin 1920, jama'a suka yi tsit har aka gama.

To, me wannan ɗauri da ƙauye ya haifar? Ya haifar da ɗimbin ƙungiyoyi a tsibirin, akasarinsu da filinsu na kansu, masu aikin sa kai ke yanke ciyawa, su wanke riguna, su koyar da yara. Ya haifar da Christy Ring na Cork, direban tankar mai, wanda ya ci kofin ƙasa sau 8, mutane da yawa kuma har gobe ba su yarda an yi kamarsa ba. Ya haifar da Brian Cody, malamin firamare, wanda ya horar da Kilkenny daga 1998 zuwa 2022 ya ci kofi 11, da ɗan wasansa Henry Shefflin wanda ya ci kofin sau 10. Jack Lynch, wanda ya zama firaminista, a filin hurling mutanen Cork suka fara saninsa. A al'adance ba a rubuta sunan ɗan wasa a bayan riga, lamba ce kawai, ita ma tana nuna gurbin da yake tsayawa ne. Mata na da nasu reshen, camogie, tun 1904, da dokoki kusan iri ɗaya. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wasannin biyu cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai abin da ya raya wasan shi ne kuma ya taƙaita shi. Gundumomi 32 ne a tsibirin, 26 a Jamhuriyar Ailan, 6 a Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, kuma GAA ba ta san iyakar da ke tsakani ba. Amma zuwa 2025, daga cikin gasa 138 da aka kammala, Kilkenny da Cork da Tipperary kaɗai sun kwashe 95. Babu gundumar lardin Ulster, na arewacin tsibirin, da ta taɓa ci. Antrim, ɗaya daga cikinsu, ta kai wasan ƙarshe a 1943 da 1989 ta faɗi. Taswirar hurling ta yau kusan ita ce taswirar filaye masu albarka na kudu, inda masu filayen ƙarni na 18 suka riƙe 'yan wasa, inda ƙasa ke tsotse ruwa da wuri har ƙwallo ya yi gudu. A yawancin yamma da arewa ƙwallon gargajiya ne sarki. Dalilin kuwa a fili yake. Ƙwallon ƙafa ko na hannu, mai shekara 15 na iya farawa ya kai wani matsayi. Hurling kuwa icce ne da tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Kilkenny yaro da sandarsa yake zuwa makaranta, ya dawo ya sami bangon gida ya yi ta bugu yana cafewa, dama da hagu, har duhu ya hana shi gani. Inda babu uba ko kawu ko maƙwabcin da ya yi haka, kuɗi da shirin hukuma ba sa saurin cike gurbin. An kasa gasar zuwa matakai domin ƙananan gundumomi su samu kofin da za su yi fata, amma tazarar na nan. Lokaci-lokaci wani kan fasa da'irar: Offaly a 1981, Clare a 1995, da Limerick wadda ta yi shekara 45 ba kofi, ta ci a 2018, sannan ta jera 4 daga 2020 zuwa 2023.

Wasan kansa ma ya sauya. Wasan ƙarshe na farko, wanda aka buga a Birr a 1888, Tipperary ta ci da ƙwallo ɗaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, Galway ba ta samu komai ba. Na 2024, bayan ƙarin lokaci, Clare 38, Cork 37. Ƙwallo ya ƙara tafiya nesa, bakin sanda ya ƙara faɗi, 'yan wasa sun koma kamar sojoji wajen atisaye. Yanzu ana cin maki daga mita 80 ko fiye. Dattawa na kukan cewa bugun ƙasa, wanda a da shi ne ƙashin bayan wasan, ya kusa ɓacewa, an koma riƙe ƙwallo da gajeren miƙo na hannu, wanda sau da yawa jifa ne da alƙali bai gani ba. Kukansu na da tushe, ko da yake ban taɓa kallon wasan zamanin nan na ji an cuce ni ba. Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da ke kan ɗan wasan gunduma: atisaye kusan kullum, abinci a ƙa'ide, tafiyar dare daga inda yake aiki zuwa gida, duk a kan kuɗin mota da ɗan tallafin gwamnati, alhali likitoci da masu horo da masu nazarin bidiyo da ke kewaye da shi da yawansu ana biyansu. Wasan ƙarshe, wanda a da ake yi a Satumba, tun 2022 aka dawo da shi Yuli domin a bar wa ƙungiyoyin ƙauye sauran shekara. Wannan ya nuna inda zuciyar ƙungiyar take, amma bai rage wa ɗan wasa gajiya ba.

Barazanar da ta fi kusa kuwa daga daji ta fito. Sandar hurling da itacen ash ake yinta, kuma ba kowane ɓangarensa ba. Gindin ake so, daidai inda kututture ke buɗewa ya zama saiwa, domin a nan jijiyar itacen ke lanƙwasa da kanta. Masassaƙi zai tsaga gindin falle-falle, ya bar shi ya bushe na watanni, sannan ya fitar da sandar yadda jijiyar za ta bi mariƙi ta karkata ta shiga baki ba tare da ta yanke ba. Wannan ne ke ba ta ƙarfi da ɗan laushin da ke shanye girgizar bugu. Ɗan wasa zai zo ya ɗaga, ya girgiza, ya ce a rage nan, a ƙara can, wani lokaci a ɗaura wa bakin siririn ƙarfe kada ya tsage. Bishiya kan kai shekara 25 zuwa 30 kafin ta isa sara. Yadda wasan ya dogara da wannan itace ya taɓa bayyana a Ajantina, inda 'yan Ailan mazauna Buenos Aires suka yi shekaru suna buga shi. Da yaƙin duniya na biyu ya tsayar da jiragen da ke kawo sanduna, wasan ya durƙushe, kulob ɗinsu ya koma hoki da rugbi, sunan kawai ya rage.

A 2012 aka gano wata cutar funfuna mai busar da itacen ash a gundumar Leitrim, a jikin dashen da aka shigo da shi daga waje. Cikin 'yan shekaru ta game kowace gunduma, kuma masana na sa ran za ta kashe mafi yawan bishiyoyin. Ƙasashen Turai da Ailan ta saba sayo katako daga gare su su ma cutar ta riga ta cinye su. Wasu masassaƙa da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni sun rufe. Wani gidan sassaƙa a Clare ya fito da sandar gora a 2020, manyan 'yan wasa da dama kuma sun karɓe ta, akwai kuma ta roba da yara ke amfani da ita. Masu binciken gandun daji sun tsinto 'yan bishiyoyin da suka jure cutar, suna ɗaukar rassansu suna dasawa domin samar da iri mai ƙarfi. Ko da komai ya tafi daidai, wanda aka dasa bana ba zai isa sara ba sai wajen 2050.